Ƙwaƙwalwar Uwar Garke a Wani Zaure na Damagaram

Marubutan Hausa da suka fara bayanin kwamfuta a jaridu sun raɗa wa manyan injinan da ke riƙe da shafukan intanet suna mai daɗi, wato uwar garke. Wanda ya taɓa kiwo ya san abin da ake nufi: tsohuwar saniya ko tunkiya da sauran dabbobi suke bi, wadda ba a kai ta kasuwa sai ƙarfinta ya ƙare. Kwamfuta uwar garke tana zaune ne a wani ɗaki mai sanyi a Amurka ko Turai ko Sin, dubban wayoyi da ƙananan kwamfutoci suna aiko mata da buƙatunsu dare da rana, tana amsawa, ba a kashe ta ko ranar salla. Inda ta sha bamban da ta makiyayi shi ne, ita tun da sauran ƙarfinta ake kai ta kasuwa.

Kamfanonin da ke da irin waɗannan ɗakuna sukan sauya injinansu bayan ƴan shekaru kaɗan, domin sabon inji yana yin aikin da ya fi na tsoho da wutar da ba ta kai tasa ba, kuma kuɗin lantarki da na sanyaya ɗaki su ne suke cinye musu riba. Sai a kwance tsofaffin a sayar wa dillalai. Abin da ya fi daraja a cikinsu shi ne furosesa, ɗan ƙarfen nan mai kusurwa huɗu da bai kai tafin hannun yaro ba, wanda ake ce wa ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ba ya juyawa, ba ya gogayya da komai, saboda haka da wuya ya mutu. Fanka takan gaji, faifan ajiya yakan lalace, shi kuwa yana nan daram. Waɗanda kamfanin Intel yake ƙera wa uwar garke, sunan gidansu Xeon tun daga 1998. A wajen 2016 aka ga iyakar abin: wani mai lamba E5-2670, mai ƙwaya takwas, wanda ya fito a 2012 a kan fiye da dala 1,500, ya malalo kasuwannin gwanjo na intanet har aka riƙa sayar da shi ƙasa da dala 100. Dalar Amurka ake nufi a nan, ba dalar Damagaram ba, wadda tamma biyar ce kacal.

Daga nan samari marasa hali a Rasha da Barazil da Sin da sauran wurare suka gane cewa abin da manyan kamfanoni suka yar zai iya ɗaukar wasannin da aljihunsu bai kai su saya wa sabuwar kwamfuta ba. Wani saurayi na unguwar Birni a Damagaram, wanda duk gidansu Auta ake ce masa, ya shiga wannan sahu a bazarar 2024, kuma da kuɗin da ba nasa ba ya shiga.

Kwamfutarsa tsohuwar ta ofis ce, irin wadda ake ce wa ƴar Kwatano ko da ta wace hanya ta shigo ƙasa. A cikinta akwai furosesa Core i3-2100, ɗan 2011, mai ƙwaya biyu, mai gudun gigahaz 3.1. Ƴan lakwal sukan ce "zuciya biyu", suna bin Faransanci, amma ƙwaya ta fi zama a bakin Bahaushe, kamar yadda ake cewa gyaɗa mai ƙwaya biyu. Da ita yake buga takardun jami'a, nasa da na abokansa. Shekara guda kafin nan ya tara kuɗin bugun takardu ya sa mata katin hoto na hannu, GTX 1050 Ti, yana zaton daga nan magana ta ƙare. Hoto ya yi kyau ƙwarai, amma wasan ƙwallon da yake so, PES 2021, ya riƙa sarƙewa daidai lokacin da bai kamata ba: in an zo bugun kusurwa, ƴan wasa sun cunkushe a gaban raga, sai hoto ya tsaya ƙiris, ya zabura, kafin mutum ya farga ƙwallo tana cikin raga. Masu wasan, kamfanin Konami, sun rubuta cewa mafi ƙarancin abin da ake buƙata shi ne Core i5-3470, wanda suka fi so kuwa Core i7-3770. Nasa bai kai ko na farkon ba. Katin hoton yana zana abin da aka ba shi ne, furosesa ne yake lissafa inda kowane ɗan wasa zai taka da inda ƙwallo za ta faɗi, kuma shi ne ya kasa.

Ba don nishaɗin kansa kaɗai yake wannan lissafi ba. Zauren gidansu a rufe yake tun rasuwar mahaifinsu, yaran unguwa kuwa kullum suna tafiya har wata unguwa su biya kuɗi su buga ƙwallo a PlayStation. Yana da tsohuwar talabijin, yana da manet biyu, wato abin da ake riƙewa a hannu ana juya ƴan wasa. In kwamfutar ta daina sarƙewa, zauren zai iya biya masa kuɗin rajista da na littattafai. Wansa, mai sarin yadi daga Kantin Kwari a Kano, ya saurare shi har ƙarshe bayan ƙaramar salla, sannan ya ƙirgo jika ashirin ya riƙe su a hannu bai miƙa ba tukuna. Ya ce, "Auta, ka ga waɗannan? Uwar kuɗi ce, ba riba ba ce. Kafin babbar salla nake son abina, lokacin ne kasuwar yadi take." Auta ya ce, "In Allah Ya yarda, Yaya." Tsakanin sallolin biyu wata biyu ne da ƴan kwanaki.

Akwai wani dattijo mai gyaran kwamfuta kusa da Kasuwar Dole, wanda ya fara da gyaran rediyo tun ana sauraren kaset. Wurinsa Auta ya kai wayarsa yana nuna masa hotuna. Abin da ya ɗauke masa hankali a intanet shi ne haɗin da ake ce wa X99. Wasu ƙananan kamfanonin Sin, irin su Huananzhi da Machinist, suna ƙera sabon babban allo, wato farantin da duk kayan cikin kwamfuta suke zama a kansa, musamman domin tsofaffin Xeon na uwar garke, kuma sukan sayar da shi haɗe da furosesa da ram. Wanda Auta yake nunawa E5-2680 v4 ne, ɗan 2016, mai ƙwaya goma sha huɗu. Daga ƙwaya biyu zuwa goma sha huɗu! Duk wanda ya ga wannan lamba sai zuciyarsa ta motsa.

Dattijon bai yi masa dariya ba. Ya ce, "Samari, ka taɓa ganin ana haƙar rijiya?" Abin da ya bayyana masa da wannan misali shi ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Aikin uwar garke kamar gayya yake: gona mai faɗi, kowane mai fartanya da kunyarsa, in an ninka mutane sai aiki ya ninka sauri. Dubban masu neman shafi suna zuwa a lokaci guda, kowace ƙwaya ta ɗauki nata, ba mai jiran wani. Shi ya sa ake cika wa furosesan uwar garke ƙwayoyi masu yawa, kowace tana tafiya a hankali don kada zafi ya yi yawa. Wasa kuwa ya fi kama da haƙar rijiya. Mutum ɗaya ko biyu ne suke shiga ƙasa, sauran suna baki suna janyo ƙasa da guga. Ana buƙatar na bakin, domin in babu su mai haƙa zai tsaya ya riƙa fitar da ƙasa da kansa, kuma wannan ita ce cutar i3 ɗin Auta. Amma da zarar na bakin sun isa, ƙarin mutum goma ba ya ƙara wa rijiya zurfi. Ƙarfin damtsen wanda ke ƙasa shi ne ma'auni. Mai ƙwaya goma sha huɗun nan gudunsa na asali gigahaz 2.4 ne, kuma wasan ƙwallo na 2020 ba zai taɓa sa rabin ƙwayoyinsa aiki ba.

Adalci shi ne a faɗi cewa X99 ba abin rainawa ba ne. Furosesansa sun fi sabunta, sun san wasu umarnai da tsofaffi ba su sani ba, kuma sababbin wasanni sun koyi raba aiki ga ƙwaya shida ko takwas. Mai kuɗin da ya isa, mai wutar da ba ta yawan tafiya, shi ya fi masa. Sai dai sayensa sayen sabuwar kwamfuta ne a fakaice: allo, ram na DDR4, babbar fanka, wataƙila sabon akwati, da tukunyar wuta mai ƙarfi, tunda furosesan shi kaɗai wat 120 aka rubuta masa. Allunan kuma ingancinsu ba ɗaya ba ne. Da yawa an ƙera su ne da cifset da aka ciro daga tsofaffin kwamfutocin gida, kuma in ɗaya ya mutu a Damagaram, babu wanda zai mayar da shi Shenzhen. Jika ashirin ba za ta kai ko'ina a wannan hanya ba.

Dattijon ya taɓa bin wata hanyar da ta fi wannan tsufa, lokacin da ake manna wa Xeon E5450 wata ƴar takarda a ƙasansa, a yanke haƙoran gurbi da reza, a cusa shi a allon LGA 775. Ya ambace ta ne kawai don ya rufe ta: waɗannan na 2007 ne, wasanni da yawa na yanzu ba sa ko buɗewa a kansu.

Hanya ta uku ita ce mafi ƙanƙanta, kuma ba ta da hoto mai burgewa. A cikin dangin Xeon akwai wani reshe, E3, da aka yi wa ƙananan uwayen garke da kwamfutocin masu zane. Waɗannan a zahiri tagwayen Core i7 ne, daga tukunya ɗaya aka kwarfo su, gurbi ɗaya suke zama. E3-1230 v2, ɗan 2012, ƙwayarsa huɗu, kowace tana riƙe zare biyu na aiki, ya zama takwas. Gudunsa gigahaz 3.3, yana hawa har 3.7. Core i7-3770 ɗin da Konami suka ce sun fi so, 3.4 ne yana hawa 3.9. Tazarar ba ta kai a gane ta da ido ba. Abin da aka rage wa Xeon ɗin shi ne ɗan sashen zana hoto da ke cikin i7, wanda mai katin hoto ba ya buƙata. A kasuwar gwanjo kuwa i7 yakan fi tsada, saboda kowa ya san sunan, kowa shi yake nema, shi kuwa ɗan'uwansa yana kwance a tire ba mai tambayarsa. Intel ma sun lura da wannan ƙofa daga baya: tun daga E3 v5 suka sa ba ya tashi sai a allon da aka yi masa musamman. Amma v2 ya riga ya fita.

Gurbin kwamfutar Auta LGA 1155 ne, lambar kuwa adadin ƴan siraran allurai ce da ke tsaye a cikinsa. Gurbi ya dace. Saura cifset, ɗan ƙaramin wakilin da ke tsakanin furosesa da sauran kayan allo. Nan ne mutane da yawa suke asara, domin tsofaffin kwamfutocin ofis masu cifset Q65 ko Q67 ba sa karɓar furosesan 2012 ko da ya zauna a gurbinsu daidai wa daida. Wata ƴar manhaja ta kyauta, CPU-Z, ta nuna cewa na Auta H61 ne, mafi araha a gidansu, amma mai karɓar baƙo. Sannan lissafin wuta: i3 ɗin wat 65, Xeon ɗin wat 69. Ƙarin wat huɗu. Tukunyar wutar da ke ciki da fankar da ke kai duk za su ci gaba da aikinsu.

Wansa ne ya sayo shi a titin Beirut na Kano a tafiyarsa ta gaba. Daga can ya bugo waya ya ce mai kantin yana da ram na uwar garke, giga goma sha shida, da arahar da ta ba shi mamaki, ko ya haɗa? Auta ya ce, "A'a, Yaya, don Allah bar shi. A tambaye shi na kwamfutar gida, DDR3, giga huɗu." Ya yi daidai. Ram ɗin manyan uwayen garke, wanda ake ce wa mai rajista, yana da wani ɗan cif a tsakiyarsa da E3 bai san yarensa ba. Yana shiga ramin lafiya lau, amma kwamfuta ba ta tashi. Araharsa ma daga nan take, masu iya amfani da shi kaɗan ne.

Da ya dawo ya zaro abin daga aljihun gaba, a naɗe cikin leda da takarda, nauyinsa bai wuce na goro biyu ba. Ya juya shi a tafin hannu ya ce, "Wannan ne ya ci kuɗin turmin atamfa?" Inna tana gefe ta ce, "Allah dai Ya sa albarka."

Sa shi ba wuya, sai dai yana son hannu mai natsuwa. Alluran gurbin sun fi gashin gero siranta, in ɗaya ta lanƙwashe allo ya tafi. Akwai ɗan alwatika mai ruwan zinariya a kusurwa da ƴan tsaga biyu a gefe, su ne suke nuna yadda zai kwanta. Ba a danna shi, ajiye shi ake yi. Auta ya goge busasshen man da ke jikin fanka, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, ya ɗaure, ya ƙara ram, ya haɗa waya. Bayan isha'i ne, wansa yana tsaye a bakin zaure da yara uku da suka ji labari. Ya danna. Fankoki suka juya, ƴar fitila ta kama, talabijin kuwa baƙi ƙirin. Ya kashe, ya sake. Ya cire sabon ram, ya sake. Ya duba ko ya soka wayar hoto a ramin allo ne maimakon na kati, kuskuren da yake kama masu wannan furosesa da yawa tunda ba ya zana hoto da kansa, amma a kati take. Yaran suka zame ɗaya bayan ɗaya. Wansa bai ce uffan ba, ya juya ya shiga gida, kuma wannan shirun ya fi faɗa ciwo. Kayan gwanjo ba a mayar da su, balle wanda aka tsallaka iyaka da shi.

Da safe dattijon ya saurari labarin yana kurɓar shayi, ya yi tambaya ɗaya: "Bayos ɗin na wace shekara ne?" Auta ya ce, "Ban duba ba, Malam." Ya ce, "To koma ka duba."

Bayos wata ƴar manhaja ce da ke zaune a cikin allo kanta, ita ce take fara farkawa in an danna maɓalli, tun kafin Windows. Kamar dogarin ƙofar fada take, mai riƙe da sunayen waɗanda aka yarda su shiga. Na Auta an rubuta shi a 2011, furosesan kuwa an haife shi a 2012. Dogari ya ga fuskar da ba ta cikin jerinsa, ya ƙi buɗewa. Lafiyar baƙon ƙalau, izini ne babu. Magani shi ne a mayar da tsohon i3, a sauko da sabon bayos daga shafin masu allon, a rubuta shi a kan tsohon, sannan a sake sa Xeon. Aikin minti uku ne ko huɗu. Amma a cikin mintocin nan ana goge tsohon rubutu ana zuba sabo, kuma in wuta ta ɗauke a tsakani, allo ya zama ba tsoho ba sabo, ba zai ƙara tashi da kowane furosesa ba. A lokacin Auta zai rasa jika ashirin ɗin wansa, ya kuma rasa kwamfutar da yake buga takardu da ita.

A wani gari wannan ba abin tsayawa tunani ba ne. A Damagaram ta bazarar 2024 kuwa shi ne dukan maganar. Wutar yankin wani kaso mai yawa nata daga Nijeriya yake zuwa ta layin Katsina. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba a ɗage takunkumin ba sai a farkon 2024, kuma ko da aka dawo da ita, watannin Afrilu da Mayu lokaci ne da kowace fanka da kowane firji a gari suke ja a lokaci guda. Wuta tana zuwa, tana tafiya, ba sallama. Kwana biyu Auta yana zaune da bayos ɗin a cikin ƴar ma'ajiyar USB a aljihu, in wuta ta zo ya miƙa hannu, ya janye.

Wansa ne ya warware, ba tare da ya nuna ya sauko ba. A rana ta uku ya ce, "Ɗauko ta." Suka ɗora akwatin a kan babur, Auta yana rungume da shi a baya kamar mai kai mara lafiya asibiti, har kantin maganin wani abokin wan, inda ake da farantan hasken rana da batura saboda firjin allurai. A bayan kanta, tsakanin kwalaye, aka soka kwamfutar. Wani ɗan layi ya fara tafiya a fuskar allon kallo daga hagu zuwa dama, ya tsaya a tsakiya na ɗan lokacin da ya isa mutum ya karanta duk addu'ar da ya sani, sannan ya ƙarasa. Kwamfutar ta mutu da kanta, ta tashi da kanta. Nan take Auta ya kwance fanka, ya ciro i3, ya ajiye Xeon. Wannan karon tambarin masu allon ya bayyana, Windows ta biyo baya, kuma a shafin da ke nuna aikin furosesa, inda dā akwatuna huɗu suke, sai ga takwas. Mai kantin ya tambaya ko an gama, don yana son soket ɗinsa.

Wasan ya daina sarƙewa. Bugun kusurwa ya zama bugun kusurwa. GTA V ma, wanda dā in an shiga tsakiyar birni sai titi ya ɓace a gaban mota, ya daidaita, ko da yake Inna da ta leƙo sau ɗaya ta ga abin da ake yi a ciki ta hana sa wa yara shi, kuma tana da gaskiya. Ta kafa wasu dokokin: ana kiran salla a kashe talabijin, kuma yaron da ya kamata a ce yana makarantar allo a wannan sa'a ba ya zama a zaurenta. Wannan ya rage ciniki, ya kuma hana maƙwabta kai ƙara wurin liman, abin da ya rufe wasu wuraren irin wannan tun ba su yi wata ba.

Lissafin bashin mai sauƙi ne. Wasa ɗaya dala ashirin, wato tamma ɗari. Jika ashirin wasa ɗari biyu ke nan. Kowane wasa da zaɓen ƙungiya da gardamar da ke biyo baya yakan ci kamar minti goma sha biyu, saboda haka bashin gaba ɗaya sa'a arba'in ce ta wuta, a lokacin da yara suke da sukuni, ban da kuɗin lantarkin kansa. Yara ba su taɓa yin ƙaranci ba. Sa'o'in ne suka yi. Akwai maraicen da aka zauna mutum takwas a kan tabarma ana jiran wuta har magariba, aka watse ba a buga ko ɗaya ba. A nan ne ƙanƙantar zaɓin nasa ta nuna amfaninta ta wata fuskar da bai lissafa ba. Furosesa mai wat 69 da kati mai wat 75 ba su da zafi sosai, kuma a zauren da iskarsa take haura digiri 40 da rana, wannan ba ƙaramin abu ba ne: furosesa in ya doshi digiri 100 rage gudu yake yi don ya tsira, sai sarƙewar da aka gudu ta dawo ta ƙofar baya. Ya cire murfin gefe, ya juyo da fankar ɗaki tana hura ciki, kuma duk Juma'a yana fitar da akwatin tsakar gida ya kaɗe ƙura da burushin fenti.

Ana saura kwana huɗu babbar salla ya kai wa wansa jika goma sha bakwai, yawancinsu ƙarafa, a cikin gwangwanin madara. Wan ya ƙirga, ya ce, "Saura uku." Auta ya ce, "Bayan salla, Yaya." Ya ce, "Na ji." Ya cika su a mako na biyu, domin kwanakin salla yara da kuɗin barka da salla suke yawo.

Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma wannan furosesa yana da ramukansa. Ya san umarnan da ake ce wa AVX, amma bai san AVX2 ba, waɗanda suka zo da furosesan 2013, kuma wasu sababbin wasanni in ba su same su ba ko buɗewa ba sa yi. Wasan ƙwallon da yara suke gani a wayoyi suna tambaya, EA Sports FC 24, mafi ƙarancin abin da masu shi suka rubuta furosesa ne na 2015. Windows 11 ba ta karɓar wannan tsara a hukumance, tana neman furosesan Intel na tsara ta takwas zuwa sama da wani cif na tsaro, TPM 2.0, Microsoft kuwa ta daina kula da Windows 10 ta kowa da kowa a ranar 14 ga Oktoba 2025. Ga injin da ba ya shiga intanet wannan ba wata barazana ba ce, amma Auta da ita yake aika takardun jami'a. Gurbin 1155 ma ya kusa kai ƙarshensa: abin da ya fi E3-1230 v2 a cikinsa bai fi shi da abin da zai sa a sake kashe kuɗi ba. Mataki na gaba, duk ranar da ya zo, sabon allo ne da sabon ram da komai.

Kafin nan yana yin abin da masu tsohon wasa suke yi a ko'ina. Da Mbappé ya bar Paris ya koma Real Madrid a 2024, yaran suka ƙi yarda su buga da ƙungiyar da ba shi a ciki, sai Auta ya shiga sashen gyara na wasan ya ɗauke shi da hannu ya kai shi Madrid, ya bi sauran ƴan wasan da suka sauya sheƙa ɗaya bayan ɗaya, daren Alhamis guda cur.

Tsohon i3 ɗin dattijon ya taya shi jika biyu, yana da mai shagon buga takardu da ke nema. Auta ya ce, "Ku yi haƙuri, Malam, ba na sayarwa ba ne." Xeon ɗin ba ya zana hoto, katin kuwa na hannu ne, ba wanda ya san shekara nawa ya yi yana aiki kafin ya iso Damagaram. Ranar da ya mutu, kwamfutar makancewa za ta yi gaba ɗaya, sai an mayar da i3 kafin a iya buga ko takarda ɗaya. Yana nan a naɗe cikin ledar da Xeon ya zo a ciki, a ƙasan akwatin tufafin Inna, inda yara ba sa kai hannu.